Ciniki Daban, Riba Daban: Tambayar Da Ke Kayar Da 'Ya'yan 'Yan Kasuwar Agege A Jarrabawa

Yaron da ya tashi a gidan ɗan kasuwa a Agege ko Jankara, kafin ya kai shekara goma sha biyu ya iya ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, ya san cewa ƙwarya ɗaya goro ɗari ce, ya san la'adar dillali, ya kuma iya ba da canji da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Idan mahaifinsa ya tafi masallaci shi ake bar wa rumfa, kuma da wuya a dawo a tarar an cuce shi. Amma wannan yaro, ranar da ya zauna a zauren jarrabawar WAEC aka ajiye masa zane mai ginshiƙai shida, uku na kuɗin da wani kamfani ya samu, uku na abin da ya kashe, aka ce ya faɗi shekarar da kason ribar kamfanin ya fi yawa, sai ya tsaya yana kallon takarda kamar an rubuta ta da harshen Sin. Ƙarshenta ya zaɓi ginshiƙin da ya fi tsawo, ya wuce.

Abin takaicin shi ne tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ita ce mahaifinsa ke yi wa kansa kowane dare bayan an rufe rumfa. An dai canza mata riga.

A ɗauki misali irin wanda littattafan shirin jarrabawa suke cike da shi. Zane ya nuna cewa a shekarar farko kamfani ya yi cinikin naira miliyan 40, ya kashe miliyan 30. A shekara ta biyu ya yi cinikin miliyan 60, ya kashe miliyan 48. A ta uku cinikin ya kai miliyan 90, abin da aka kashe miliyan 81. Ido yana gudu ne zuwa shekara ta uku, domin ginshiƙinta ya yi wa sauran fintinkau. Amma idan aka cire abin da aka kashe daga abin da ya shigo, ribar ita ce miliyan 10, sai miliyan 12, sai miliyan 9. Wato shekarar da ta fi ciniki ita ce ta fi ƙarancin riba. Idan kuma tambayar kaso take nema, sai amsa ta sake sauyawa: a shekarar farko ribar kashi 25 cikin ɗari ce na ciniki, a ta biyu kashi 20, a ta uku kashi 10. Zane ɗaya, amsoshi uku. Mafi yawan ciniki shekara ta uku, mafi yawan riba shekara ta biyu, mafi kyawun kason riba shekarar farko. Wanda ya shirya tambayar ya san haka, shi ya sa duk ukun suna cikin zaɓin da ya jera, kowanne yana jiran mai gaggawa.

Ba a nan tarkon ya ƙare ba. Akwai wani da ya fi wannan kama ɗalibai, kuma laifin ba nasu ba ne kacokan. A darasin lissafi an koya wa yaro cewa kason riba ana auna shi ne da kuɗin da aka sayi kaya. A darasin akanta kuma, a aji ɗaya, wataƙila a rana ɗaya, an koya masa auna riba da kuɗin da aka sayar. Duka biyun daidai ne, amma sau da yawa ba wanda ya tsaya ya gaya masa cewa ma'auni biyu ne daban. Mutum ya sayi rago naira dubu 200, ya sayar dubu 250. Ribarsa dubu 50. Idan aka auna ta da uwar kuɗi, kashi 25 ce. Idan aka auna ta da ciniki, kashi 20 ce. Rago ɗaya, riba ɗaya, kaso biyu. Abin da ke raba su a takardar jarrabawa kalmomi biyu ne ko uku na Turanci da aka soke a ƙarshen jimla, kuma yaron da Turanci shi ne harshensa na uku zai iya tsallake su bai sani ba.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin batun harshe shi ne rabin matsalar. Ɗan Bahaushen Legas yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci a titi, kuma tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Da yamma yana karatun Larabci a Islamiyya. Jarrabawar da za ta yanke masa hukunci kuwa da Turanci take zuwa. Manufar da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2022, ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, ba ta taɓa isa wurinsa yadda ya kamata ba, domin harshen muhallin makarantarsa ba shi ne harshen uwarsa ba. A Nuwamban 2025 ma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar baki ɗaya. Saboda haka babu wata doka da za ta zo ta fassara masa lissafi zuwa Hausa. Idan za a yi, mutanensa ne za su yi.

Kuma Hausa ba ta rasa kalmomin ba. Tana da ciniki, tana da riba, tana da faɗuwa, tana da jari da uwar kuɗi da la'ada da kuɗin dako. Ba abin mamaki ba ne, ganin cewa Hausawan Agege kasuwanci ne ya kawo kakanninsu. Jirgin ƙasan da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, shi ne ya mayar da Agege mahaɗar goron kurmi da shanun Arewa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya kafu, yana ɗauko shi daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana ta jirgin ruwa zuwa Legas. Masanin nan Abner Cohen, da ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda masu gida da dillalai suke tafiyar da cinikin shanu na bashi mai tarin yawa bisa amana da sanin halin kowane mahauci. Wannan tsari ne da ke buƙatar ƙwaƙwalwa mai riƙe lissafi. Jikokin waɗannan mutane bai kamata ginshiƙi shida a takarda ya razana su ba.

Haka nan makarantar Islamiyya. Yaron da ya karanta babin zakka ya san ɗaya cikin arba'in, ya san ushuri da rabin ushuri. Wanda ya leƙa ilimin gado ya san rabi da rubu'i da sumuni, ya san sulusi da sudusi, ya san cewa kafin a raba sai an fitar da bashi da wasiyya. Wannan shi ne ainihin tunanin da tambayar jarrabawa take nema: kaso na me, kuma bayan an cire me. Ɗaya cikin arba'in shi ne kashi biyu da rabi cikin ɗari. Malami nawa ne a makarantun boko na Agege ya taɓa fara darasin kaso daga nan? Malamin Islamiyya nawa ne ya taɓa gaya wa almajiransa cewa abin da suke yi a babin fara'id shi ne abin da za a tambaye su a watan Mayu? Kowanne yana gefensa, yaron kuwa yana tsakiya, yana ɗauka ilimi biyu ne da ba su san juna ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu cewa, tunda yaron ya iya lissafin kasuwa, kuma kasuwar zai gada, me zai yi da zanen Bature? Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin lissafin kasuwa shi ma yana da makafin wurare, kuma zanen ne yake tona su.

A koma kan ragon nan. An saye shi dubu 200 a wata kasuwar Arewa, an sayar dubu 250 a Legas. Mai shi zai ce ya ci dubu 50. Amma akwai kuɗin mota, akwai abin da aka bayar a shingaye a hanya, akwai dusa da harawa na kwanakin da ragon ya yi yana jiran mai saye, akwai kuɗin fili da la'ada. Idan duka suka kama dubu 30, tsantsar ribar dubu 20 ce, wato kashi 8 cikin ɗari na ciniki. Gogaggen ɗan kasuwa ya san wannan. Abin da yawanci ba ya sakawa a lissafi shi ne ladan wahalarsa shi kansa, da na 'ya'yansa da suka kwana a turke, da ragon da ya mutu a hanya wanda ya kamata a raba asararsa a kan sauran. Darasin akanta, da duk bushewarsa, yana tilasta wa mutum ya jera waɗannan layi-layi har sai ya ga abin da ya rage da gaske.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa batun nauyi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni na wannan shekara, hauhawar farashi ta yi ta hawa har ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi ciniki yana kumbura da kansa. Mutum ya sayi buhu dubu 50, ya sayar dubu 60, ya yi murna, ya koma sari ya tarar buhun ya zama dubu 65. A baki ya ci riba, a aljihu kuwa jarinsa ba ya iya sayen abin da ya saya jiya. Kuɗin da ke ratsa hannunsa sun fi na bara yawa, kayan da ke rumfarsa sun fi na bara kaɗan. Wannan shi ne zanen nan na farko, mai dogon ginshiƙi da siririyar riba, sai dai a nan ba maki ake rasawa ba, uwar kuɗi ake ci ba a sani ba.

Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin MTN na Nijeriya ya samu kuɗin shiga kimanin naira tiriliyan 2.47 a 2023, fiye da na shekarar da ta gabata, amma ya rufe shekarar da asarar kimanin biliyan 137. A 2024 kuɗin shigar ya haura tiriliyan 3.3, asarar kuma ta kai kimanin biliyan 400, galibi saboda faɗuwar darajar naira. Wato a kowace naira ɗaya da ta shigo, kusan kwabo 12 asara ce. Wanda ya kalli ginshiƙin kuɗin shiga kaɗai zai rantse kamfanin yana cikin shekarunsa mafi albarka. Ɗalibin da ya fahimci tambayar jarrabawar zai nemi ginshiƙi na biyu kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma nau'in zanen da ya fi kowanne wayo, wanda ake yawan gani a gwajin ɗaukar aiki na bankuna da manyan kamfanoni. Ba a ba da kuɗi ko kaɗan, layi ɗaya ake ja da ke nuna ninkin kuɗin shiga a kan abin da aka kashe: a wata shekara ɗaya da rabi, a ta gaba ɗaya da ɗigo biyu. Sai a tambaya, a wace shekara aka fi cin riba? Layin ya yi ƙasa, don haka zuciya tana cewa shekarar farko. Amma idan a shekarar farko an kashe miliyan 10, abin da ya shigo miliyan 15 ne, riba miliyan 5. Idan a ta biyu an kashe miliyan 50, abin da ya shigo miliyan 60 ne, riba miliyan 10. Ba tare da an san abin da aka kashe ba, amsar gaskiya ita ce ba za a iya sani ba. Wannan amsa tana da wuyar zaɓa ga yaron da aka rena da cewa kowace tambaya tana da lamba a ƙarshenta. Amma ita ce mafi daraja a cikin duk abin da darasin yake koyarwa: mutum ya gane lokacin da bayanin da aka ba shi bai isa ya yanke hukunci ba.

Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM a 2016 an yi musu alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata. Waɗanda CBEX ta tafi da dukiyarsu a Afrilun 2025 an yi musu alkawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin. A duka biyun akwai lambobi masu hawa a fuskar waya, babu kuma ginshiƙin da ke nuna daga wace sana'a ribar take fitowa. Ba a cewa darasin lissafi zai kawar da kwaɗayi, masu digiri da yawa sun faɗa ramin. Amma wanda aka horar ya riƙa tambayar kaso na me, yana da dalili ɗaya na ja da baya da wani ba shi da shi.

Ko manya ma suna tuntuɓe a nan. Da WAEC ta fitar da sakamakon 2025 a watan Agusta, ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Rahotanni da dama suka ce an samu raguwar kashi 33.8 cikin ɗari. Wannan lamba tazara ce tsakanin kaso biyu. Idan aka auna ta da inda aka taso, raguwar ta kusa kashi 47, kusan rabi ke nan. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ɗalibin da ya rikita tazara da kaso a zauren jarrabawa maki zai rasa. A kafafen labarai kuwa rikicewar ta wuce salin-alin.

Saboda haka sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi a Oktoban 2025, cewa masu neman karatun fannin adabi da dangoginsa ba sai sun ci lissafi ba kafin a ɗauke su a jami'a, tana buƙatar a karanta ta da hankali a unguwanni irin su Agege. Ma'aikatar ta fayyace daga baya cewa har yanzu dole ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafin. Niyyar buɗe ƙofa ga waɗanda darasi ɗaya ya tsare shekara da shekaru niyya ce mai kyau. Amma saƙon da zai isa kunnen yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ne an sauke masa kaya. Wanda zai zama lauya ko ɗan jarida ko malamin Hausa ba zai buƙaci lissafin kusurwoyi ba, gaskiya ne. Zai dai buƙaci karanta kasafin kuɗin jiharsa, ya gane cewa sashen da aka ƙara wa kuɗi da kashi goma a shekarar da farashi ya tashi da kashi talatin an rage masa ne, ba ƙari aka yi masa ba. Idan za a sassauta lissafi ga waɗannan ɗalibai, wannan reshe na karanta zane da kaso shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Abin da ake buƙata a Agege da Jankara bai kai gina makaranta tsada ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na goro da na dabbobi da na kayan gwari, suna tara kuɗi don sasanta rikici da taimakon wanda gobara ta shafa. Albashin malami ɗaya mai jin Hausa da Turanci, wanda zai zauna da 'yan aji biyar da aji shida na sakandare ranakun Asabar da Lahadi a harabar wata Islamiyya, ba zai gagare su ba. Fadar Sarkin Hausawan Agege tana da bakin da idan ta kira taro za a zo. Darasin kuma kada ya fara daga littafi. A ce wa kowane yaro ya rubuto cinikin rumfar gidansu na mako huɗu da abin da aka kashe, ba tare da suna ba, tunda ɗan kasuwa ba ya son a san cikinsa, sannan ya zana ginshiƙan da hannunsa. Yaron da ya taɓa mayar da cinikin albasar mahaifinsa zane ba zai ƙara jin tsoron zanen wani kamfanin da ba shi da suna ba. Bayan nan sai a kawo tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, a bi kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya, a ajiye kowacce kusa da takwararta ta Hausa. A koya masa duba inda ma'aunin gefen zane ya fara, domin idan bai fara daga sifili ba, ƙaramin bambanci yana iya fitowa kamar tsauni. A koya masa cewa da'irar da aka yayyanka digiri 360 ce, don haka yankin da ya ci digiri 72 kashi 20 ne cikin ɗari, ba 72 ba. Tunda kuma JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a ba shi dama ya ga zanen a allon kwamfuta kafin ranar da agogo zai riƙa ƙirga masa daƙiƙoƙi.

'Yan mata ma suna ciki, kuma su ne aka fi mantawa. Yawancin sana'o'in cikin gida, daga suyar ƙosai da awara zuwa sayar da atamfa ta WhatsApp da adashi, a hannun mata suke, kuma a nan ne aka fi cakuɗa jari da kuɗin cefane har a wayi gari babu ko ɗaya.

Akwai kuma wani abu da iyaye kaɗai za su iya gyarawa. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a cikin lokacin jarrabawar WAEC. Ta 2025 ta kama ranar 6 ga Yuni, ana tsakiyar rubuta takardu, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya, wato za ta ci gaba da zama cikin watan Mayu na ɗan lokaci. Makonni biyun da ke gabanta su ne kakar masu raguna da shanu a Oko-Oba da sauran turakun Legas, lokacin da ake buƙatar kowane hannu, kuma hannun da ya fi sauƙin samu shi ne na ɗan gida. Uban da ya ɗauki ɗan dako na mako biyu domin ɗansa ya kwana a kan littafi zai ga kuɗin ya fita daga aljihunsa nan take. Kuɗin sake rajistar jarrabawa da shekara guda ta zaman jira kuwa sai a watan Agusta za su bayyana, lokacin da an daɗe da cinye naman layya.